Yadda Na Baro Usur Ɗina a Jarwal

Tun da na dawo ban samu na sha fura cikin natsuwa ba. Duk wanda ya zo yi mini barka da sauka, in ya karɓi zamzam da dabinonsa, sai ya gyara zama ya ce, "Saje, yaya can ɗin take?" Yaran fili kuwa tambayarsu ɗaya ce, wai ina usur ɗina. Na gaji da ba da labari gutsure-gutsure, wannan ya ji kai wancan ya ji wutsiya. Saboda haka na rubuta shi sau ɗaya, bi da bi. Wanda ya sake tambaya zan miƙa masa takarda.

Ga wanda bai san ni ba, ni tsohon soja ne, karatuna ya tsaya a elamantare. Ina kula da ɗakin kayan wasa na wata makaranta a Zariya, da yamma kuma ina koya wa yaran unguwarmu wasan hoki, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo mai tauri da sanda mai lanƙwasasshen kai. Dokokina uku ne, kowane yaro ya haddace su. Na farko, a zo kan lokaci. Na biyu, a shiga layi. Na uku, ba a barin gurbi sai mai canji ya shigo ya tsaya.

A duk yaran da na koyar babu kamar Habu wajen tare ƙwallo. Shekara uku da suka wuce ya bi mahaifinsa, Malam Audu tela, zuwa aikin haji. Uban ya rasu a Makka, yaron bai dawo ba. Da mahaifiyarsa Hansatu ta ji na yi niyya, sai ta zo zaurena da sandar hokinsa a naɗe cikin tsumma.

Ta ce, "Saje, ni ban iya rubutu ba. Ka nuna masa wannan, zai san daga ina ka fito. Kai ka koya masa jin magana, ka ce masa ya dawo. Shi kaɗai gare ni."

Na ce, "To, zan kawo shi." Ban ce in Allah ya so da ƙarfi yadda ya kamata ba, na faɗa ne a ciki. Yaran ƙungiya suka haɗa ni da ƙwallo ɗaya in kai masa, don sun shiga gasar lardi kuma ba su da ɗan tsakiya.

Zango na farko, jirgin ƙasa zuwa Kano, sannan babbar mota zuwa Maiduguri. A motar na haɗu da Alhaji Tanko, wani mai goro daga Gusau, wanda wannan ce tafiyarsa ta uku. Ya dubi sandar ya ce, "Malam, ƙafa ce ke ciwo?" Na ce lafiyata ƙalau. Ya ce to wanda ya sassaƙa mini keren nan ya cuce ni, ya yi shi gajere. Na yi masa bayanin wasan tun daga tsarin 'yan wasa goma sha ɗaya, ban kai ga 'yan baya ba ya yi barci.

Zango na biyu, Fort Lami zuwa Abeshe. A nan direba ba ya da lokacin tashi. In ka tambaye shi sai ya ce gobe, in goben ta zo ya sake cewa gobe, kuma ba ya jin ya yi ƙarya. Mun yi kwana huɗu a wani gidan baƙi na zana. Abincinsu tuwon gero ne irin namu da miyar kuɓewa busasshiya, sai dai suna shan shayi ja mai zaƙi kamar zuma sau biyar a yini, a ƙaramin kofi wanda ba ya kashe ƙishin kaza. Rana ta uku na nemi sandar na rasa. Na same ta a madafa, matar mai gida tana tuƙa tuwon mutum talatin da ita. Ta ce ba ta taɓa samun muciya mai daɗin riƙo irinta ba. Na karɓa, na wanke, na shanya.

A iyakar Sudan wani ma'aikaci ya zazzage jakata a kan tebur. Ya ga rajistar 'yan wasa, ya ga usur, ya ga tsohuwar rigata ta kaki, duk bai ce komai ba. Sandar ce ta tsaya masa. Ya tambaya ta bakin tafinta ko makami ce. Na ce a'a. Ya ce ko ta noma ce. Na ce a'a. Ya ce in nuna masa aikinta. Na ajiye ƙwallo a ƙasa na buga a hankali, ta bi ta ƙarƙashin teburinsa ta fita ƙofa ta sami wani jaki a ƙafa. Ya buga mini hatimi ya ce in tafi.

Zango na uku, mota zuwa Ubayyid, jirgin ƙasa zuwa Hartum, wani jirgin zuwa bakin teku. Mutanen Sudan suna cin wake dafaffe da mai da safe, su haɗa da wani abu fale-fale mai tsami da suke kira kisra, kamar sinasir ɗin da aka hana shi abinci. Suna da kirki, amma ba su san layi ba. A tashar Hartum na yi ƙoƙarin jera mutanenmu bibbiyu don shiga tarago, kafin in gama jerawa wasu sun shiga ta taga sun cika kujeru. Alhaji Tanko yana cikin waɗanda suka shiga ta taga. Shi ya tare mini wuri, kuma bai bar maganar ba har Jidda.

Game da jirgin ruwa ba ni da abin faɗa, don kwance na yi tafiyar da bokiti a gefena.

Aikin haji kuwa na yi shi bi da bi yadda malamai suka koya mana, ban sa komai a gabansa ba. Ranar da na fara ganin Ɗakin Allah na yi kuka, abin da ban yi ba tun ina yaro. Wannan ba labarin da ake tsawaitawa ba ne, wanda ya je ya sani. Da muka dawo daga Mina aka gaya mana saura kwana goma sha biyu mu koma Jidda. Sai na fara neman Habu.

Masaukinmu yana Jarwal, wata tsohuwar unguwa kusa da Harami, mu tara a ɗaki ɗaya. Hausawa sun cika wurin, daga nan har unguwar Mansur, wasu an haife su a can, wasu sun zo haji sun zauna. Za ka ji mutum ya fara magana da Hausar Sakkwato ya ƙarasa da Larabci. Na yi kwana ɗaya ina tambaya a banza. Da safiya ta biyu na fita da sandar a kafaɗa, sai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin lungu ta kira ni.

"Ya hajji, zo nan. Wannan sandar ta ɗan Audu tela ce?"

Na ce, "Hajiya, ina kika san ta?"

Ta ce, "Shekara uku yana zana mini ita a ƙasa da yatsa. Je ka gidan ƙanƙara, bayan masallacin can."

Sunanta Hajja Dije. Ita ta yi jinyar mahaifin Habu har ya cika, a ɗakinta kuma yaron yake zaune.

Gidan ƙanƙara wani dogon ɗaki ne mai daɓen siminti, kullum a jiƙe. Zafin Makka ba irin namu ba ne, ƙanƙara a can kamar gishiri take, kowane mai shayi da mai sayar da ruwa yana bukatarta. Daga sama ake sako ta ta wani kwararo na katako, kowace ɗaya ta kai tsawon hannu biyu, ta kuma fi buhun gero nauyi. Tana saukowa da gudu, dole wani ya tsaya a bakin kwararon ya tare ta da ƙugiyar ƙarfe, ya karkatar da ita ga masu ɗauka. In ya kuskure, ko ƙanƙara ta fashe ko ƙafarsa. Wanda na tarar a wannan gurbi Habu ne. Ya yi tsawo, ya yi baƙi, amma tsayuwar tawa ce: gwiwa a lanƙwashe, ido a kan abin da ke zuwa.

Da ya gan ni ya saki ƙugiya ya durƙusa a cikin ruwan. Na miƙa masa sandar. Ya shinshina kanta ya ce, "Baba Saje, ƙamshin tuwo take yi." Na ce labari ne mai tsawo.

Bayan azahar, da aka gama fitar da kaya, ya ce in tsaya in ga wani abu. Yaran ɗauko su goma sha huɗu suka rabu biyu, kowa da reshen dabino da aka gasa aka lanƙwasa kansa. Aka jefa guntun ƙanƙara kamar ƙwarya a tsakiya. Hoki suke yi, a kan jiƙaƙƙen daɓe, ƙafa ba takalmi, suna sulɓi suna faɗuwa. Ba su da agogo. In ƙanƙarar ta narke, wasa ya tashi. Ba hutun rabin lokaci, ba alƙali, kuma abin da ya fi ba ni mamaki, ba ihu. Ko an ci, sai dai su ɗaga sanda sama. Na lura da wannan shirun amma ban tambayi dalilinsa ba, kuma da na tambaya da na huta.

Na isar masa da saƙon mahaifiyarsa. Ya ce, "Baba Saje, faɗi doka ta uku."

Na ce, "Ni na kafa ta."

Ya ce, "To, da aikin nan Hajja take ci, ƙosai ba ya riƙe gida. In na tafi mai gidan ƙanƙara zai kawo nasa mutum. Jikanta Sa'idu ne ya kamata ya canje ni, shi kuwa in ya ga ƙanƙara ta taho sai ya yi tsalle gefe. Ranar da ya tare guda, ranar zan ɗaure kayana."

Doka kuwa doka ce. Na dubi Sa'idun. Shekararsa sha biyar, haifaffen Makka, Hausarsa a karye. Na tambaye shi ko yana tsoro. Ya ce, "Wallah ya ammi, ita ce take zuwa da sharri, ni ba ruwana da ita." Ammi shi ne baffa da Larabci. Na lissafa, saura kwana goma. Na ce gobe za a fara horo yadda ake yi.

Washegari na shirya kamar yadda nake shiryawa a gida. Na sa rigar kaki, na rataya usur, na ɗauki rajista da fensir don in rubuta sunan kowa da shekarunsa da gurbinsa. Na isa ƙofar gidan ƙanƙara kan lokaci, na tsaya cak, na buɗe littafi, na busa usur sau uku.

Abin da ya biyo baya zan faɗe shi yadda na gani. Yara shida suka fita ta taga. Huɗu suka hau kwararon ƙanƙara suka ɓulle ta rufi. Wani ya shiga buhun ƙaiƙayi. A lungu, tela ya bar kekensa yana juyawa shi kaɗai, wani mutum ya fito daga wurin wanzami da rabin kai a aske ya haura katanga, mata suka kwashe faranti, ƙofofi suka rufe bi da bi har ƙarshen layi. Masu sako ƙanƙara daga sama ba su san me ake ciki ba, suka ci gaba da aikinsu. Guda biyar suka sauko ba mai tarewa, suka tarwatse a bango. Na rage ni kaɗai a tsaye da fensir.

A Zariya usur yana nufin a taru. A Jarwal yana nufin askarawa sun zo duba takardun zama, kuma rabin unguwar ba su da su. Mutum mai kaki da littafi a hannu kuwa, ba sai an yi musu bayani ba. Dalilin wasansu na shiru ke nan.

Kwana uku ba wanda ya amsa sallamata. In na ce ina Habu, sai a ce, "Habu wa? Mafi," wato babu. Mai burodin da nake saye a wurinsa ya ce burodi ya ƙare, alhali yana kan tulinsa. Alhaji Tanko ya ce da na tambaye shi da ya gaya mini, na ce me ya hana shi faɗa tun a mota, ya ce barci yake yi. Na zauna a masauki ina ƙirga kwanaki, ina tuna fuskar Hansatu a zaurena.

Rana ta huɗu Hajja Dije ta aiko a kira ni. Na same ta a gaban kaskonta, mutane sun kewaye ta nesa-nesa suna kallo.

Ta ce, "Ya hajji, kai ɗan sanda ne?"

"A'a, Hajiya."

"Mahaukaci ne?"

"A'a, Hajiya."

"To na gaya musu ɗaya daga ciki ne, na kuma zaɓa maka na biyun, don shi ya fi sauƙi. Me ka rubuta a littafin?"

Na ce kwanan wata kawai na samu na rubuta. Ta miƙo hannu na ba ta. Ta yage shafin farko ta sa a wuta, ta yage na biyu ta naɗe ƙosai uku ta ba wani yaro, kowa yana gani. Ta sake miƙo hannu. Na san abin da take so. Shekara goma sha takwas ina tare da usur ɗin nan, tun ina soja. Na cire na ba ta, ta ƙulle shi a bakin zanenta. Ta ce rigar ma kada ta sake ganinta. Sannan ta juya ta ce, "Habu, fito, malaminka ya warke." Ya fito daga bayan tulunan ruwa, ashe duk yana ji.

Mai gidan ƙanƙara, wani Balarabe mai gajeren gemu, ya yarda in shiga bisa sharaɗin in bar duk wani abin busawa a waje. Saura kwana shida, na ƙarshe na tafiya ne, ke nan biyar.

Na lura da Sa'idu na ga laifinsa biyu: yana haɗe ƙafafu, yana kuma rufe ido. Habu ya yi ta koya masa da babbar ƙanƙara tun daga farko, wannan kuskure ne, ba a fara karatu daga ƙarshen littafi. Ranar farko na ba shi sandar Habu, na hau kwararo ina sako masa ƙwallon Zariya, ya tare sau ɗari. In zan sako sai in ƙwanƙwasa katako sau biyu, shi ne ya maye gurbin usur. Rana ta biyu guntun ƙanƙara kamar dunƙulen hannu, da sanda. Ta uku kamar ƙwarya, da ƙugiya. Ta huɗu rabin ƙanƙara. Ya faɗi sau bakwai, ya zage ni da Larabci sau biyu yana zaton ban gane ba. Na ce masa, "Buɗe ƙafa, buɗe ido, rufe baki." Ya ce, "Tayyib ya ammi," wato ya ji. Da yamma yakan shiga wasansu a matsayin ɗan tsakiya, na kuma ga ya daina kauce wa masu sanda.

Rana ta biyar mai gida ya zo da kansa ya zauna a kan akwati. Hajja Dije ta bar kaskonta ta tsaya a ƙofa. Sa'idu ya tsaya a bakin kwararo, Habu ya tsaya taku biyu a bayansa da tasa ƙugiyar. Na ƙwanƙwasa. Ƙanƙara ta taho cikakkiya. Sa'idu ya yi tsalle gefe, Habu ya tare. Aka sake, ya sake tsalle. Mai gida ya fara kakkaɓe rigarsa zai tashi.

Nan na gane abin da ya rage. Na ce, "Habu, fita waje."

Ya ce, "Baba Saje, za ta karya shi."

Na ce, "Muddin kana bayansa ba zai tare ba, ya san akwai mai tarewa. Mai canji ya shigo. Fita."

Ya dubi Hajja. Ta matsa ta ba shi hanya. Ya fita, aka jawo ƙofa. Zan faɗi gaskiya, lokacin da na ɗaga sanda na san in ƙafar yaron ta karye ni na karya ta, a gaban kakarsa. Sa'idu ya waiwaya bai ga kowa ba. Ya buɗe ƙafa. Na ƙwanƙwasa sau biyu.

Ta sauko tana kuka a kan katako. Ƙugiya ta kama ta da ƙara, ta ja shi taku ɗaya a kan daɓe, ya durƙusa da gwiwa guda, amma bai saki ba. Ta tsaya. Aka sako ta biyu ya tare a tsaye. Ta uku har ya karkatar da ita ga masu ɗauka. Ba wanda ya yi ihu. Yara goma sha uku suka ɗaga rassan dabino sama, ni ma na ɗaga sandar. Mai gida ya ce, "Halas," wato an gama, ya tashi ya tafi. Sa'idu ya ce, "Ya ammi, ido na rufe a ta farko." Na ce kada ya gaya wa kowa.

Habu ya bar masa sandar da ƙwallon da shugabancin ƙungiya. Hajja ta rako mu har bakin lungu, ta ba Habu carbin mahaifinsa da almakashinsa. Na tsaya ina jiran ko za ta kwance bakin zane. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, ya hajji." Ba ta kwance ba.

A Jidda aka yi wa Habu takardar komawa gida bayan mun yi kwana biyu a layi, layin da ni na jera shi. Dawowa ta bi zangunan da na riga na faɗa, a juye. A Abeshe matar nan ta tambayi muciyarta.

Na kai shi ƙofar mahaifiyarsa da hantsi, na yi sallama na ce, "Hansatu, ga shi an kawo." Ta fito ta riƙe fuskarsa da hannu biyu. Sannan ta ce ya rame, ta kuma tambayi ina sandar. Na bar shi ya yi bayani.

Labarin ƙungiya kuma, ga masu son ji: mun buga wasan farko na gasar lardi mako biyu bayan nan, aka ci mu uku da nema. Habu bai bar ko ƙwallo ɗaya ta wuce shi ba, amma in zai ba da ita sai ya tura a hankali yana jira ta sulale, ita kuwa ta tsaya a turɓaya taku biyu daga ƙafarsa. Mun koma darasi na farko, yana samun ci gaba.

Usur kuwa ban sayi wani ba. Ina ƙwanƙwasa sanda a ƙasa sau biyu, yara suna taruwa, kuma har yau ba wanda ya fita ta taga.